Fara abinci ce, a daina kallonta a matsayin ƙwalama kawai

A ƙasar Hausa ba ma buƙatar wani ya zo daga Turai ya koya mana cin fara. Da kaka ta yi, sanyi ya fara sauka, za ka ga buhunan busasshiyar fara na shigowa kasuwannin Kano da Katsina da Maiduguri, wasu daga ƙauyukanmu, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Yara suna son ta, 'yan mata suna ƙulla ta a leda su tafi da ita makaranta, matan aure suna aikawa a sayo musu da yamma. Abin da ke damuna shi ne matsayin da muka ajiye ta. Mun ɗauke ta abin taɓa ka lashe, abin motsa baki kafin a sauke tuwo, alhali tana cikin abinci mafi gina jiki da ke kusa da hannun talaka. A yankin da fiye da rabin ƙananan yara suka tsumbure saboda rashin abinci mai kyau, wannan sakaci ne babba, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a yi maganarsa da gaske.

A binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018, an samu kashi 37 cikin ɗari na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma nuna kusan kashi 68 na ƙananan yara suna fama da ƙarancin jini, haka ma kusan kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa. Yawancin waɗannan yara ba wai ba sa cin komai ba ne. Cikinsu yana cika. Kunu da safe, tuwo da dare, wani lokaci ɗumame ko fura a tsakani. Matsalar ita ce gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsu, wato sinadarin gina jiki, ba cikakke ba ne, domin suna da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin wanda jikin yaro ba ya iya ƙera shi da kansa. Sinadarin ƙarfe da zink da ke cikin hatsi kuma jiki ba ya iya tsotse su sosai. Nama da kifi da ƙwai da madara ne ke cike wannan giɓi, kuma kowa ya san yadda farashinsu ya koma. Akwai gidaje da yawa da sai Babbar Sallah ko ranar suna yaro ke ganin tsoka a kwanonsa.

To me ke cikin fara? Idan aka busar da ita, fiye da rabin nauyinta furotin ne, kuma irin na dabba ne, wanda ke ɗauke da laisin ɗin da hatsi ya rasa. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar a 2013 a kan ƙwarin da ake ci ya nuna cewa gram 100 na ɗanyar fara na ɗauke da furotin gram 13 zuwa 28, shi kuwa ɗanyen naman sa gram 19 zuwa 26. Kusan kunnen doki ke nan. A ɓangaren sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke jawo ƙarancin jini, rahoton ya ce busasshen naman sa na da kamar miligram 6 a kowane gram 100, farar da ke ƙaura kuwa tana da tsakanin 8 zuwa 20, gwargwadon abin da ta ci. Tana kuma da zink da mai. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar furotin kamar gram 13 a yini. Ƙwai ɗaya na ba shi kusan 6. Gram 20 na garin busasshiyar fara, abin da bai wuce 'yan cokula ba, zai iya ba shi kusan 10.

Ba na so in zuzuta abin fiye da kima, domin masu tallar ƙwari a ƙasashen waje sun cika yin haka. Sukan kwatanta busasshiyar fara da ɗanyen nama su ce ta ninka shi sau uku, alhali idan ka busar da naman ya zama kilishi, ko ka ɗauki busasshen kifi, tazarar takan ɓace. Haka kuma ɓawon jikin fara na ɗauke da wani abu mai tauri da ciki ba ya narkar da shi sosai, kuma yakan sa awon da ake yi a ɗakin gwaji ya nuna furotin ya ɗan fi abin da jiki zai samu a zahiri. Ko an cire wannan, abin da ya rage ya isa a kira ta abinci mai daraja. Fara ba ta fi nama ba, amma tana sahu ɗaya da shi, kuma tana zuwa har gonar mai gero ba tare da ya kiwata ta ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai suyar fara ya san aikin ba na wasa ba ne. Masu kamu suna fita da dare ko da asuba da fitila, lokacin da sanyi ya kama ta ta kasa tashi, su tsince ta a jikin karan gero da ganyayen itatuwa su zuba a buhu. A gida a zuba ta a tafasasshen ruwan gishiri, a tsame, a baza a tabarma ta sha rana har ta bushe ƙayau. Mai suya kuma sai ta zauna da faranti a cinya tana fizge fukafukai da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, hannunta na tafiya kamar ba ta kallo, sannan ta watsa a kasko da ɗan mai da gishiri, tana juyawa har ta yi ja tana ƙamshi, ta barbaɗe da yaji. Kowane mataki a nan yana da dalili, ko da mai yin ba za ta faɗa maka shi da harshen likitoci ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta. Busarwa na hana ta ruɓewa. Cire ƙafafu kuwa ya fi komai muhimmanci, domin ƙayoyin da ke ƙafar baya na iya maƙalewa a hanji, kuma an taɓa ganin haka a Kongo ga mutanen da suka ci da yawa ba su cire ba. Iyayenmu mata sun kuma san wadda ake ci da wadda ba a taɓawa, shi ya sa ba za ka ga farar tumfafiya a kaskon kowa ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yana hannun matan da ba a gayyatar su taron masana.

Shawarata ta farko mai sauƙi ce: a daka ta. Yaro ɗan wata takwas ba zai iya tauna soyayyar fara mai yaji ba, kuma bai kamata a ba shi ba. Amma idan aka tafasa ta, aka cire ƙafa da fiffike, aka busar, aka ɗan gasa ba mai, aka daka aka tankaɗe da rariya mai laushi, an samu gari da za a iya zuba cokali ɗaya a kunun gero, ko a haɗa da garin waken soya da gyaɗa da ma'aikatan lafiya suke koya wa mata a asibiti, ko a kaɗa a miyar kuka da kuɓewa. 'Yan'uwanmu na kudu haka suke yi da busasshen jatan lande, suna daka shi su zuba a kusan kowace miya, ba wanda yake ganin abin kunya ne, kuma fara da jatan lande dangin juna ne a halitta. Gari yana da wani amfani kuma: wanda ke ƙyanƙyamin ganin ido da kan fara ba zai ga komai ba, ɗanɗano kawai zai ji. Yana kuma ajiyuwa idan an bushe shi sosai an rufe, ta yadda abin da aka kama da kaka zai kai bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tamowa ta fi kama yara.

A ɓangaren addini ba mu da matsala da fara. Hadisi ya zo cewa an halatta mana matattu biyu da jini biyu, matattun su ne kifi da fara, jinin kuma hanta da saifa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abi Aufa cewa sun yi yaƙe-yaƙe bakwai tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cin fara. A mazhabar Malikiyya da muke bi an sharɗanta a kashe ta da niyya ta wata hanya, kamar jefa ta a ruwan zafi, kuma abin da masu kamu suke yi ke nan tun asali. 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san cewa abincin Yohanna Mai Baftisma a jeji fara ce da zuma. Sauran ƙwari, irin su gyare da shinge da ke fitowa bayan ruwan farko yara na tara shi a gindin fitila da kwanon ruwa, akwai saɓanin malamai a kansu, Malikiyya sun fi sauran mazhabobi sassauci, kuma wannan fage ne na malamai. Ni maganata a kan fara take, wadda ba jayayya a kanta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne guba. Fara abinci ce a wurinmu, amma a wurin manomi da hukumomin gona annoba ce. Waɗanda suka ga shekarar 2004 a Nijar ba za su manta yadda farar ɗango ta haɗu da ƙarancin ruwa ta jefa ƙasar cikin yunwar 2005 ba. Idan ta taso haka, ana feshe ta da magunguna masu ƙarfi, ta jirgin sama ko ta mota, kuma ko ba annoba manoma da yawa yanzu suna fesa wa gonakinsu magani. Farar da maganin feshi ya kama takan faɗo ƙasa ta kasa tashi, ta zama mai sauƙin tsinta, kuma a nan haɗarin yake. Wanda ba ya tsoron Allah, ko wanda bai sani ba, zai iya share ta ya cika buhu ya kai kasuwa, mai saye kuwa ba shi da hanyar ganewa da ido. Tafasawa da suya ba su da tabbacin cire irin wannan guba. An taɓa gwada farar da ake sayarwa a Kuwait bayan annobar ƙarshen shekarun 1980 aka samu ragowar maganin feshi mai yawa a jikinta. Akwai kuma muguwar ɗabi'ar nan ta zuba maganin ƙwari a kayan abincin da aka adana don kada su lalace, wadda muka sani a harkar wake da busasshen kifi. Babba mai ƙarfi zai iya cin 'yar kaɗan ya sha da ƙyar, amma ni ina maganar zuba gari a kunun jariri ne, kuma a nan ba a caca.

Shi ya sa shawarata ta biyu ta fi ta farko nauyi. Muddin muna so fara ta shiga tukunya, dole hukuma ta ɗauke ta abinci kamar yadda ta ɗauki madara da man gyaɗa. A riƙa ɗibar samfur daga manyan kasuwanni ana aunawa a ɗakin gwaji. Duk inda aka yi feshi, a sanar a rediyo da harshen da mutane ke ji, a faɗa wa masu unguwanni da dagatai cewa kada a kama fara a wannan yanki sai bayan lokaci kaza. Hukumar NAFDAC tana da hurumin fitar da ƙa'idar yadda za a sarrafa garin fara a ƙulla shi a sayar, kuma Kenya da Uganda sun riga sun fitar da irin waɗannan ƙa'idoji a kan amfani da ƙwari a abincin dabbobi. Akwai ma maganin fara da ba guba ba ne ga mutum, wanda aka haɗa daga wani nau'in naman gwari mai kashe fara kaɗai. An gwada shi a filayen Nijar tun shekarun 1990 da hannun cibiyar binciken aikin gona ta IITA, kuma ya yi aiki, sai dai ya fi na guba jinkiri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu sana'ar fara su ne za su fi kowa cin ribar a ce kayansu an auna an tabbatar.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya kamata kowace uwa ta sani. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa, yana yin ƙaiƙayi ko kumburi idan ya ci, to akwai yiwuwar fara ma ta yi masa haka, don haka yaro a fara masa da ɗan kaɗan a lura. Na biyu, ba kowane ƙwaro ake ci ba don an ce ƙwari na gina jiki. A yankin Ijesha na ƙasar Yarbawa an daɗe ana ganin wata cuta ta karkarwa da damina, daga baya aka gano tana da alaƙa da cin wata tsutsa da ke lalata bitamin B1 a jiki. A tsaya a kan abin da kakanni suka sani, sabon abu kuma a bari masana su gwada.

Ina jin wani zai ce, wato masu kuɗi su ci nama, talaka a tura masa ƙwari? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Haƙƙin kowane yaro ne ya sha madara ya ci ƙwai, kuma ba wata fara da za ta wanke gwamnati daga alhakin tsadar abinci da rashin tsaron da ya kori manoma da makiyaya daga garuruwansu. Amma yaron da ke wata goma yau ba zai jira a gyara tattalin arziki ba. Kwanaki dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi. Ban da haka, fara ba abincin wulaƙanci ba ce a wurinmu. Mai kuɗi ma yana aikawa a sayo masa, matafiya suna kai ta tsaraba har ƙasashen waje. Idan akwai raini, daga baya ya shigo, daga masu ganin duk abin da bai zo a gwangwani ba ƙauyanci ne.

Waɗanda muke kwaikwayon nasu kuwa sun juyo. FAO ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan biyu a duniya suna cin ƙwari a cikin abincinsu na gargajiya, nau'i fiye da 1,900. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci, busasshiya ko daskararriya ko gari, bisa buƙatar wani kamfanin ƙasar Holan, a shekarar da ta biyo baya kuma ta amince da gyare. Singafo ta amince da nau'i 16 a 2024. A Tailan akwai gonakin kiwon gyare kusan 20,000, yawancinsu na ƙananan manoma ne a bayan gida. Dalilinsu lissafi ne: gyare na buƙatar abinci kamar kilo 1.7 kafin ya ƙara kilo ɗaya, kaza 2.5, sa kuwa kusan 10, kuma kusan kashi 80 na jikin gyare ana ci, na sa kuwa kashi 40 ne. Su suna kashe kuɗi suna shawo kan mutanensu su ɗanɗana. Mu da muka gaji abin tun kaka da kakanni ba mu da wannan wahala, amma mun bar shi a faranti a bakin titi, ƙura na sauka a kai.

Kiwo shi ne inda za a dosa a ƙarshe, domin farar daji ta kaka ce, wata shekara ta yi yawa wata ta yi ƙaranci, kuma idan ta yi ƙaranci farashinta ba ya raga wa talaka. Farar da aka kiwata a rufaffen keji, aka san abin da ta ci, ita ce za a iya ba jariri da kwanciyar hankali. Wannan aiki ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai: su tantance nau'o'in da muke ci, su auna abin da ke cikin kowanne, su gwada wanda ya fi saurin girma a dusa da ganye, su kuma gwada garin a kan yara ƙarƙashin kulawar likitoci, a ga ko jini na ƙaruwa ko a'a. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yi nisa a irin wannan bincike, har da kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda don abincin kaji da kifi. Ko wanda ba zai taɓa sa fara a baki ba zai amfana idan abincin kaji ya yi sauƙi, ƙwai ya sauko.

Sai dai ina da sharaɗi ɗaya a kan duk wannan. An lura a Nijar cewa farar da ake kamawa a gonar gero takan fi geron kansa tsada a kasuwa, kuma mafi yawan wannan kuɗi hannun mata da yara yake shiga: mai kamu, mai tafasawa, mai fizgar fiffike, mai suya a ƙofar gida. Da shi ake sayen sabulu da littafin makaranta, da shi ake tara kayan ɗaki. Idan aka zo da injin niƙa da leda mai tambari da lambar hukuma, kada a yi abin da aka saba, a ture waɗannan mata gefe wani mai jari ya kwashe kasuwar. A haɗa su ƙungiya-ƙungiya, a ba su wurin busarwa mai tsafta wanda ke sama da ƙasa kuma a rufe da raga, a koya musu auna danshi da ƙulla gari, a sauƙaƙa musu kuɗin rajista. Sannan shirye-shiryen ciyar da ɗalibai da cibiyoyin kula da masu tamowa su riƙa saye daga wurinsu kai tsaye, bayan an auna kayan an tabbatar ba guba.